Ruwan Madara Ko Ruwan Omo? Yadda Fentin Ɗakin Amarya Ya So Ya Haɗa Mai Kyamara da Surukansa

Idan aka tambayi mai kallon finafinan Hausa abin da ya gani a fim, zai ce ya ga jarumi, ya ga jaruma, ya ga leshin da ta saka a waƙa ta biyu, ya ga motar da aka zo zance da ita. Da wuya ya iya faɗin kalar bangon falon da aka yi rabin fim ɗin a cikinsa. Amma a wurin masu riƙe kyamara, bango ba ƙaramin abu ba ne. Duk lokacin da suka shiga gidan da furodusa ya aro domin a yi aiki, kafin su dubi kujeru ko labule, bango suke fara dubawa, domin shi ne zai gaya masu ko za a tashi da wuri ko kuwa ranar za a sha wuya.

Irin wannan sani da sana'a ke ba mutum, wani lokaci yakan bi shi har gida. Haka ta faru da wani matashin mai ɗaukar hoto a Kano, wanda ya fara daga jan waya da riƙe fitila a lokeshin har ya kai ga an damƙa masa kyamara. An sa masa ranar aure kafin azumi, kuma saura mako biyar biki ya kama hayar ciki da falo. Bangon ya yi dauɗa, ga zanen yaran waɗanda suka tashi, ga huji-hujin ƙusa. Mai gidan ya ce ya yi duk fentin da ya ga dama, amma fa daga aljihunsa. Shi kuwa aljihun ya riga ya ji jiki. An biya sadaki, an haɗa lefe, an biya hayar shekara guda, ga kuɗin walima yana jira.

Ya ɗauko wani dattijon mai fenti da ya daɗe yana aiki a unguwarsu. Tsohon ya ja tef ya auna. Falon mita 4 ne da mita 4 da rabi, uwar ɗakin kuma mita 3 da rabi kowane ɓangare, tsawon bango mita 3. Da aka cire ƙofofi da tagogi, abin da za a shafa ya kama murabba'in mita 84. Shafa biyu za a yi, wato 168 ke nan. Lita ɗaya ta fentin ruwa, idan ba a cika mata ruwa ba, takan rufe kamar murabba'in mita 9 zuwa 10 a irin wannan bango. Saboda haka bokiti ɗaya mai lita 20 zai isa ɗakunan biyu, amma da ƙyar.

"Ɗana, kuɗinka na bokiti ɗaya ne," in ji tsohon. "Bokiti ɗaya kuwa kala ɗaya ce. Ka je ka yi shawara, domin idan aka buɗe murfi, ba a mayarwa shago."

A ganin angon babu wata shawara da za a yi. Tun kafin ya samu gidan ya riga ya ga ɗakin a zuciyarsa: shuɗi mai haske, irin wanda mata ke kira ruwan omo. Kuma ba don son zuciya kawai ya zaɓe shi ba, yana da hujja, hujjar da ya sha wuya kafin ya gane ta.

Kyamara ba ta da wayo irin na idon mutum. Idan aka bar ta ta auna haske da kanta, sai ta tattara duk abin da ke gabanta ta nemi tsaka-tsaki. To, idan farin bango ne ko ruwan madara ya cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta tsuke ƙofar da haske ke shiga. Bango ya fito ras, fuskar ɗan wasa kuma ta dushe, musamman idan baƙi ne ko wankan tarwaɗa. Idan kuma aka buɗe ƙofar domin fuska ta fito, sai bangon ya ƙone, ya koma fari fat kamar takarda. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 har zuwa zamanin Sangaya a 1999 da Wasila a 2000, da ƙananan kyamarorin bidiyo ake aiki, fitilu kuma ba su wadata ba. Duk wanda ya adana tsofaffin kaset-kaset na wancan lokaci zai ci karo da wuraren da jaruma ke kuka a falo, amma ba a ganin hawayen, sai farin bango da inuwar mutum. Kyamarorin yanzu sun fi waɗancan ƙarfi nesa ba kusa ba, amma har gobe mai ɗaukar hoto ba ya murna idan ya shiga falo ya tarar da farin bango.

Shuɗi kuwa abokin fuska ne. Fatar ɗan Adam, fari ne ko baƙi, a idon kyamara tana karkata ne zuwa ruwan goro da ruwan ƙasa, shuɗi kuma shi ne kishiyar wannan kala. Idan aka tsayar da mutum a gaban shuɗin bango, sai fuskarsa ta rabu da bangon ta fito gaba. Angon ya kalli fim ɗin Amurka mai suna Moonlight na 2016, wanda Barry Jenkins ya ba da umarni, James Laxton ya riƙe kyamara, ya ga yadda baƙar fata ke ƙyalli a cikin shuɗin haske. A ɓangaren Indiya kuma, ya fi son Saawariya na 2007, inda Sanjay Leela Bhansali ya rina garin gaba ɗaya da shuɗi da kore ya saka Ranbir Kapoor da Sonam Kapoor a ciki, a kan Devdas na 2002 da darakta ɗaya ya cika da ja da ruwan gwal. Shekara da shekaru yana aiki a falukan mutane, bangon da ya tarar da shi yake haƙuri. Yau ga bango ya zo hannunsa, ai kuwa zai yi wanda yake so.

Sai dai ya manta cewa bangon nasa ne, amma kayan da za a jingina da shi ba nasa ba ne. A al'adar Bahaushe, namiji ne ke neman muhalli, iyayen amarya kuma su ne ke cika shi: gado da katifa, kujeru, labule, kafet, kayan kicin. Mahaifiyar wannan yarinya shekara biyu ta yi tana zubin adashi saboda wannan rana. An riga an yanko yadin labule a Kantin Kwari, ruwan gwal mai ɗan duhu. Kafinta ya gama kujeru, ruwan ƙasa. Da gwaggon amarya ta zo da tawagarta auna tagogi, ta dubi bango ta ce ai ba sai an faɗa ba, ruwan madara za a yi, domin shi ne zai hau da kayansu. Da aka gaya mata abin da ango ke so, sai ta riƙe haɓa.

"Ruwan omo? Ajin firamare za a kawo 'yar tamu ko ɗakin allura?"

Surukuta ba ta bar ango ya tsaya yana musu da gwaggo ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "To, Gwaggo, za a duba," ya fice. Daga nan magana ta koma hannun yayarsa mace, ita ke kai saƙo ta kawo saƙo. Kuma kowa ya san saƙon da ya bi ta baki uku ba ya isa yadda ya tashi. Ango ya ce shuɗi ya fi fito da fuska a hoto. Kafin maganar ta isa gidan su amarya ta koma cewa yana so ya riƙa ɗaukar fim a ɗakin.

Nan fa ake yin ta! Domin tun farko ba da sauƙi aka ba shi yarinyar ba. Da aka je bincike aka ji ɗan fim ne, wasu daga cikin dangi sun ja baya. Sai da kawunsa ya yi ta zarya yana bayanin cewa yaron nan ba ya rawa, ba ya waƙa, ko fuskarsa ba a gani, bayan kyamara yake. Mahaifin yarinyar ya amince ne bisa sharaɗi ɗaya, cewa aiki zai tsaya a wajen aiki, gida kuma gida ne. Su ma dangin ba a banza suka tsorata ba, domin kowa ya san a gidajen aro ake ɗaukar yawancin finafinan Hausa, kuma ba sabon abu ba ne ɗan fim ya buɗe falonsa ga abokan sana'a idan furodusa ya rasa gida. Saboda haka a kunnen gwaggo, ruwan omo ba kala ba ce, alama ce ta cewa tun ba a kai yarinya ba an fara karya alƙawari.

Ita ma gwaggon tana da tata hujjar, wadda ta girmi kyamara. Ta ce wa yayar ango, tun zamanin iyaye da kakanni gyaran ɗakin amarya aikin mata ne. Su ke yin daɓe, su yayyafa makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, su shafe bango da farar ƙasa, su jera tasoshi da kwanuka har kusa da rufi. Shuɗi kuwa Kano ba baƙonsa ba ce, ga marinar Ƙofar Mata nan da ake cewa tun 1498 ake rini da baba a cikinta, amma a jiki ake saka shi, a rawani da zane da babbar riga. "Ke 'yar nan," in ji ta, "namiji baƙo ne a ɗaki. Ya fita da safe, ya dawo da dare. Wadda za ta wuni tana kallon bangon ita ya kamata a tambaya."

Kwana shida ana wannan kai-kawo, lokaci yana tafiya, ga shi dole fenti ya bushe warin ya fita kafin 'yan jere su zo. Ango ya daina barci sosai. Idan ya haƙura, yana jin kamar an ce sana'arsa ba ta da daraja ko a cikin ɗakinsa. Idan ya nace, ya tabbatar wa masu cewa ɗan fim ba ya riƙe alƙawari abin da suke faɗa. Abokansa a ofisoshin Zoo Road kowa da tasa. Wani ya ce ya nuna shi ne maigida tun yanzu, in ba haka ba ya shiga uku. Wani edita da ya shekara goma da aure ya yi dariya ya ce shi ko kalar bangon ɗakinsa ba zai iya tunawa ba.

Tsohon mai fenti ne ya kawo mafita, kuma bai goyi bayan kowa ba. Ya ce shi a aikinsa bai taɓa yarda da katin kala da ake nunawa a shagunan Ƙofar Ruwa ba, domin ɗan guntun da bai fi akwatin ashana ba, idan ya hau bango guda sai ya ƙara ƙarfi. Kuma fenti yana ɗanye daban, idan ya bushe daban. Yana da ragowar kalolin biyu daga wasu ayyuka. Ya shafa kowacce mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, kusa da juna, a falo da uwar ɗaki, ya jira awa huɗu ya sake shafawa. Sannan ya ce a kawo filon kujera ɗaya da guntun yadin labule a ajiye a gindin bangon, a zo a duba sau uku: da hantsi, da la'asar, da kuma bayan isha'i.

Da hantsi aka fara da falo. Tagarsa ɗaya ce, ƙarama, kuma katangar maƙwabta ta tare ta, rana ba ta shiga kai tsaye. Abin da ango ya gani bai yi masa daɗi ba. Ruwan omon da ya sani mai fara'a ya koma kamar ruwan toka, ya yi sanyi, ya yi nauyi. Ruwan madara kuwa sai ya kama ɗan hasken da ya shigo ya watsa shi cikin ɗakin. Dalilin a fili yake ga wanda ya san haske. Manyan kamfanonin fenti sukan sa wa kowace kala lamba tsakanin 0 da 100, mai nuna yawan hasken da take mayarwa. Farin fenti yakan wuce 80, ruwan madara galibi yana cikin 70 da wani abu, shuɗi mai haske irin wannan kuwa yakan sauko wajen 50 zuwa 60. A lokeshin, wannan ragin shi mai kyamara ke nema, domin yana da fitilun da zai haska fuska da su. A falon haya mai taga ɗaya, a garin da wuta ke zuwa ta tafi, ragi ne kawai, babu mai cike shi.

Filon kujera da yadin labule ma sun ba da tasu shaidar. A gefen ruwan madara sun zauna lafiya kamar 'yan ɗaki ɗaya. A gefen shuɗi, labulen ruwan gwal ya fito ƙwarai har ya so ya yi yawa, kujerar kuma ta ƙara duhu.

Da la'asar labari ya canza. Tagar uwar ɗaki yamma take kallo, kuma daga ƙarfe huɗu rana takan faɗo kai tsaye a kan bangon da ke fuskantar tagar. A nan ruwan madara ya koma rawaya, yana ɗaukar ido har sai mutum ya runtse. Ruwan omo kuwa ya shanye zafin hasken, ido ya samu wurin hutawa. Ango ya dubi tsohon yana murmushi, ya ce, "Baba, ka gani ko? Har ɗakin ya fi sanyi." Tsohon ya ce, "A ido ne, ɗana. Fentin ciki ba ya rage zafin Afrilu. Wannan sai fanka."

Da dare aka gwada ƙwan fitila iri biyu. A jikin kwalin kowane ƙwai akwai lamba da yawancin masu saye ba sa dubawa. Mai 6500 fari ne tas, har yana ɗan karkata zuwa shuɗi. Mai 2700 ko 3000 kuwa ja-ja ne irin na tsohon ƙwai. Ango ya san wannan lissafi kamar sunansa, domin a wurin aiki kullum tsakanin 3200 na fitilar cikin ɗaki da 5600 na hasken rana yake. Da aka kunna farin ƙwai, ruwan omo ya yi daidai da abin da gwaggo ta faɗa, ɗakin allura sak. Da aka kunna ja-ja, sai ya yi dauɗa-dauɗa, ba shi shuɗi ba, ba shi kore ba. Ruwan madara kuwa a ƙarƙashin farin ƙwai ya zama kamar fari mai tsabta, a ƙarƙashin ja-ja ya zama kamar man shanu. Kafin su gama aka ɗauke wuta, aka kunna 'yar fitilar caji, nan ma ɓangaren madara ne ya fi taimakon ido. A jikin kyamara akwai madannin da ake gaya mata wannan shi ne fari, ta gyara sauran kaloli. Ɗaki ba shi da wannan madanni, duk hasken da ya samu da shi zai kwana.

Tsohon ya ƙara da abin da gwaji na kwana ɗaya ba zai nuna ba. Ƙurar hunturu a Kano ja-ja ce, tana bin kowace kafa ta shiga. A kan ruwan madara takan ɓuya ta daɗe ba a lura ba, a kan shuɗi kuwa mako biyu ya isa a ga ta kwanta. Haka kuma ranar da za su tashi, mai gida ko mai shigowa ba zai yi ƙorafin ruwan madara ba, shuɗi kuwa sai an yi shafa biyu ko uku kafin a rufe shi.

Washegari amarya ta zo da ƙanwarta, tare da yayar ango, domin gwaggo ta ce a kai ta ta gani da idonta. Ango ya ga dama ta samu. Ya roƙi ta tsaya a gaban kowane fenti, ya ɗauke ta a waya, ya miƙa wa yayarsa. Babu gardama, wanda aka ɗauka a gaban shuɗi ya fi kyau. Fuskarta ta fito, mayafinta ya fito, har ƙanwar ta ce a tura mata. A ɗaya hoton kuwa bangon ya yi haske, ita ta ɗan dushe, daidai yadda ya yi ta faɗa.

Amaryar ta daɗe tana kallon hotunan. Ba ta kama sunansa, kuma a gaban yayarsa ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Anti, gaskiyarsa ne, wannan ya fi kyau. Amma ni ba a cikin waya zan zauna ba. A falon nan zan yi sallar walha, a nan zan tsince shinkafa, a nan baƙi za su same ni. Idan babu wuta ina so in ga abin da nake yi."

Ango bai ce komai ba. A lokeshin, sin mafi tsawo bai fi 'yan mintuna ba, daga nan a kashe fitila a naɗe waya a koma wani gida. Bai taɓa wuni a falon da ya haska ba. Duk abin da ya sani game da bango gaskiya ne, amma gaskiya ce ta kyamara, ita kuwa yarinyar nan da ido za ta zauna, ido kuma ba ya tsuke ƙofa ya bar fuskar mutum a duhu don bango ya yi fari.

Suna shirin fita ta leƙa uwar ɗaki, lokacin la'asar ta yi, rana na kan bangon. Ta tsaya, ta ce wa yayar, "Anti, wannan bangon dai, idan da hali, a bar masa nasa. Hasken ya yi yawa a nan." Tsohon mai fenti ya yi lissafi nan take: mita 3 da rabi sau 3, shafa biyu, bai kai lita 3 ba. Galan ɗaya mai lita 4 ya isa har da ragowa. Yayar ango ta ce ita za ta saya, gudunmawarta ke nan.

Saura magana ɗaya, kuma a nan ne sanin ango ya yi rana. Gwaggo ta aiko cewa tunda an yarda da ruwan madara, to a yi da fentin mai, domin shi ake wankewa idan yara suka zo. Ango ya aika da amsa cikin ladabi ta bakin yayarsa. Fentin mai yana ƙyalli, duk inda ƙwan fitila yake sai an ga tabonsa a bango, kuma yana tona asirin duk wani tudu da kwari na filasta. Fentin ruwa yakan karɓi shafa ta biyu bayan awa 2 zuwa 4, na mai kuwa sai ya kwana, warinsa kuma yakan yi kwanaki a ɗakin da ba shi da iska. Ban da haka, wasu fentocin mai suna ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙananan yara idan fentin ya tsufa ya fara ɓarewa suna kaiwa baki. Da gwaggo ta ji an ambaci yara, sai ta ce to a yi yadda ya ce. Aka tsaya a kan fentin ruwa a bango, fentin mai kuma a ƙofofi da ƙarafan taga kawai.

Yayar ba ta dawo ba sai da ta warware ɗaya maganar. Ta gaya wa mahaifiyar amarya a gaban gwaggo cewa ƙaninta bai taɓa niyyar shigo da kyamarar aiki gidan ba, kuma shaida ita ce ya yarda a yi wa falon kalar da duk mai ɗaukar hoto ke gudu. Aka yi dariya, zance ya mutu.

Akwai abin lura a nan ga matasa masu sha'awar kwaikwayon ɗakunan da suke gani a fim, musamman yanzu da shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina, wanda Aminu Saira ya fara fitarwa a 2020, suka sa ana kula da tsarin ɗaki fiye da da. Bangon da ake gani a allo ya bi ta hannu uku kafin ya iso: mai fitila ya haska shi, mai kyamara ya daidaita shi, edita ya ƙara masa ko ya rage masa kala a kwamfuta. Wanda ya ɗauki hoton allo ya kai wa mai fenti ya ce irin wannan yake so, zai iya samun kalar, amma ba zai samu hasken ba. Ɗan gwangwani biyu, da mita ɗaya a bango, da haƙurin wuni guda sun fi arha a kan bokitin da aka buɗe.

Kwana biyu tsohon ya yi yana aiki, aka bar tagogi a buɗe har kwana huɗu. Ranar jere, mata suka cika gidan da guɗa, aka kafa gado a jikin shuɗin bangon, aka rataya labule, aka shimfiɗa kafet. Gwaggo ta zagaya falo tana gyaɗa kai. Da ta shiga uwar ɗaki ta ga bango uku madara, ɗaya shuɗi, sai ta tsaya ta ce, "Wannan kuma fa? Fentin ne ya ƙare masu?" Aka ce mata amarya ce ta zaɓa. Ta sake dubawa, ta gyara zaman filo a kan gadon, ta ce, "To, ai bai yi muni ba. Allah ya ba su zaman lafiya."